Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Zane a Jami'a, Daga Fom Ɗin JAMB Zuwa Karɓar Gurbi

Yaron da ke da hannun zane ba ya ɓuya a makaranta. Shi ake kira ya zana taswira a allo, shi ake kai wa kwali ya rubuta sanarwa, kuma bayan littafinsa na lissafi cike yake da fuskokin 'yan ajinsu. Amma idan aka zo neman jami'a, irin waɗannan yaran suna cikin waɗanda suka fi rasa mai nuna musu hanya. A gida kowa ya san yadda ake neman likitanci ko aikin lauya, ba kowa ya san ana yin digiri na shekara huɗu a kan zane ba. Na daɗe ina koyar da zane a sakandare, ina kuma raka ɗalibaina a wannan nema, kuma abu biyu na ga suna kayar da su. Ko dai takardunsu su ƙi dacewa da kwas ɗin da suka cike, ko kuma hannun ya saba da kwafar hoto daga waya har ya kasa zana abin da aka ajiye a gabansa. Duka biyun suna gyaruwa, in dai an fara da wuri.

Zan fi kawo misali da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, don nan ne yawancin yaranmu ke hari, kuma da dalili. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya akalar zane a Najeriya. Akwai kuma sassan zane a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Jos, sannan a kudu akwai Nsukka, Ife da Benin. Matakan neman iri ɗaya ne, sharuɗɗa ne ke ɗan bambanta. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙanwata mai karatu, maganar duk da ke ake yi.

Abin da za ka tanada

Ta ɓangaren takardu: lambar NIN, layin waya naka na kanka wanda ba a taɓa yin rajistar JAMB da shi ba, adireshin imel da kai ka buɗe kuma ka riƙe kalmar sirrinsa, sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo. Ka sayi fayil na roba guda ɗaya ka zuba su duka, asali a gefe guda, kwafi a ɗaya gefen. Kafin ka kashe ko sisi, ka shimfiɗa takardun nan a tabarma ka karanta sunanka a kowace ɗaya, harafi bayan harafi. Idan NIN ta ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, takardar haihuwa kuma ta kawo wata ranar haihuwa dabam, to ka fara da gyaran wannan. JAMB daga bayanan NIN take ɗauko sunanka da ranar haihuwarka, kuma gyara bayan rajista ya fi cin kuɗi da lokaci.

Ta ɓangaren zane, ba sai ka tara kaya masu tsada ba. Fensir HB, 2B, 4B da 6B sun isa (alamun da ke jikin fensir ne, yadda lambar B ke hawa haka yake ƙara laushi da duhu). Sai reza ta fiƙe fensir, abin goge fensir mai laushi, littafin zane da zai shiga jakarka, da takardar zane mai kauri wadda masu shago ke kira katirij. Ka je wurin kafinta ya yanko maka filawud mai santsi wanda ya ɗan fi takardarka girma, shi ne allon da za ka riƙa ɗora aiki. Ka haɗa da salatif na takarda don manne kusurwoyi, ƙaramin akwatin fentin ruwa, da burushi biyu ko uku, siriri da matsakaici da mai faɗi.

Idan katirij ta yi maka tsada, bayan tsohuwar kalanda da farin kwali sun isa atisaye, ka adana mai kyau don ayyukan da za ka nuna. Gawayin zane kuwa kana iya yin naka. Ka samo siraran rassa busassu, ka ɓare bawon, ka kakkarya su daidai tsawon gwangwani mai murfi, ka cusa su ciki, ka huda ƙaramin rami a murfin, ka tura cikin murhu. Idan hayaƙi ya daina fita ta ramin sai ka janye, ka bar shi ya huce kafin ka buɗe. Aikin gawayi yana gogewa, don haka ka fesa masa feshin gashi na mata daga nesa kaɗan, zai riƙe.

Mataki na 1: Ka san kwas ɗin da kake nema

"Zane" a bakinmu abu ɗaya ne, amma a jami'a ya kasu. A Zariya akwai sashen Fine Arts, inda ake zanen fenti, sassaƙa da ƙera mutum-mutumi, tarihin fasaha da koyar da ita. Akwai kuma sashen Industrial Design, inda ake zanen yadi da rini da saƙa, ginin tukwane da tangaran, da zanen talla da na ɗab'i. Duka biyun suna tsangaya ɗaya a harabar Samaru. A wasu jami'o'in an haɗe su wuri guda da sunan Fine and Applied Arts. Wannan bambanci ba na suna ba ne kawai, domin darussan da za a nema a wurinka sun dogara da wanda ka zaɓa. Ɓangaren tangaran, alal misali, yana tafiya da ilimin sinadarai, don haka kada ka yi mamaki idan ka ga an nemi darussan kimiyya.

Idan da hali, ka je ka ga wurin da idonka. Ka shiga lambun mutum-mutumi da ke gefen sashen a Samaru, ka leƙa ɗakunan aiki, ka tambayi ɗaliban aji uku ko huɗu abin da suke kashewa a kayan aiki kowane zango. Za su faɗa maka gaskiya, kuma ita ce za ka kai gida.

A nan ne kuma ya kamata ka zauna da iyayenka, kada ka bari sai gurbi ya fito. Tambaya biyu za su yi: ina aikin yake, kuma yaya batun zanen mai rai? Ta farko tana da amsa a fili: koyarwa, ɗab'i, talla, zanen yadi, ƙawata gini, gidajen tarihi, zanen littattafan yara, da aikin kwamfuta da ake yi wa kamfanoni daga gida. Ta biyu kuwa kada ka ɓoye komai. A mafi yawan sassan, shekarun farko na kowa da kowa ne, ana zana siffar mutum, ana taɓa aikin yumɓu, sai daga baya kowa ya kama ɓangarensa. Ka faɗa musu haka, su tambayi malamin da suka amince da shi. Idan hankalinsu ya fi kwanciya da yadi, tangaran ko zanen rubutu, hanyoyi ne masu daraja, kuma muna da gadonsu, daga marinar Ƙofar Mata a Kano har zayyanar da mahaddata ke yi wa allo. Na ga yaran da suka ɓoye wa iyaye kwas ɗin da suka cike, ranar biyan kuɗin makaranta magana ta lalace. Abin yana da ciwo, kuma da zama ɗaya an kauce masa.

Mataki na 2: Ka daidaita sakamakon sakandare da kwas ɗin

Ƙa'idar da aka saba ita ce kiredit biyar a zama ɗaya ko biyu, har da Turanci. Jami'o'i da yawa suna neman Lissafi ma, don haka kada ka ce kai mai zane ne ka yi masa riƙon sakainar kashi. Sauran darussan suna cikin kundin kwasa-kwasai na JAMB, wanda ke shafinta na intanet kyauta. Ka buɗe shi, ka nemo kwas ɗin, ka karanta sharaɗin gama-gari, sannan ka gangara wurin da aka rubuta keɓantattun sharuɗɗan kowace jami'a. Wannan wuri na biyu shi mutane ke tsallakewa, kuma nan matsalar take kwana. Ka karanta na shekarar da kake ciki, kada ka dogara da abin da yayanka ya cike shekarun baya.

Matsalar da ta fi damun yaran Arewa ita ce makarantu da yawa ba su da malamin zane, don haka ba sa yi wa ɗalibai rajistar darasin a WAEC ko NECO. Idan jami'ar da kake so ta shar'anta kiredit a zane kuma ba ka da shi, hanya biyu ce. Ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ka saka darasin, sai ka haɗa sakamakon biyu su zama zama biyu. Ko kuma ka duba kundin ka nemo jami'ar da ba ta tilasta shi ba. Idan har yanzu kana aji biyu na babbar sakandare, ka je wurin shugaban makaranta tun yanzu, tare da mahaifi ko wakilinsa, ku roƙi a saka maka darasin.

Mataki na 3: Ka fara tara ayyukanka tun kafin a fara sayar da fom

Wannan matakin ya fi kowane tsawo, kuma shi ne ba a iya yinsa a mako guda. Wasu sassan kan nemi ganin ayyukan mai nema ko su gwada hannunsa, wasu ba sa nema. Ko an nema ko ba a nema ba, ka tanada, domin daga makon farko na karatu za a ajiye abu a tsakiyar ɗaki a ce ku zana.

Ka ajiye waya. Na san hoton mawaƙi ko ɗan ƙwallo da ka kwafa shi ke jawo maka yabo a Facebook, amma malamin zane da kallo ɗaya yake gane aikin da aka kwafo daga hoto. Kyamara ta riga ta yi maka aikin, ta mai da abu mai kauri shimfiɗaɗɗe, kai kuma ka bi layi. Abin da ake son gani shi ne idonka ya iya wannan aikin da kansa.

Ga yadda nake fara wa ɗalibaina. Ka ɗauko buta, ƙwarya da albasa biyu, ka jera su a kan tabarma kusa da taga, yadda haske zai zo ta gefe ɗaya kawai. Ka kashe ƙwan ɗaki. Ka zauna nesa da su kamar taku uku, ka jingina allonka a gwiwa. Kada ka fara da bakin buta ko marikinta. Ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman butar, ka zame babban yatsanka har ya zo daidai gindinta. Wannan shi ne ma'auninka. Yanzu ka kwantar da fensirin, yatsa na nan inda yake, ka ga faɗin butar nawa ne a cikin tsayinta, ƙwaryar kuma ta kai ina a jikinta. Ka sa ɗigo-ɗigo a takarda da HB, a hankali, ka haɗa su da layi marar nauyi. Sai siffar ta zauna sannan ka ɗauki 2B. Ka runtse ido ka ga inda ya fi duhu, galibi ƙarƙashin abu ne, inda ya taɓa tabarma. Ka lura cewa ɓangaren inuwa na ƙwarya ba baƙi ƙirin ba ne, akwai ɗan haske da tabarma ke maido mata a gefen ƙasa. Wanda ya ga wannan ɗan hasken ya sa shi a takarda, to ya fara gani. 6B ta ƙarshe ce, kuma wurare kaɗan take taɓawa.

Kuskure uku nake gani kullum. Na farko, danna fensir tun a layin farko, har in an goge sai sawu ya zauna a takarda. Na biyu, murza inuwa da yatsa har aikin ya yi dauɗa. Ka gina inuwar da layuka, ɗaya kan ɗaya. Na uku, cusa ɗan ƙaramin zane a tsakiyar babbar takarda. Ka cika takardarka.

Daga kayan gida sai ka fita waje. Ka zana lungunku yadda katangu ke matsewa suna haɗuwa can nesa. Ka zana zaure, bishiyar darbejiya, akuya a kwance, amalanken mai ruwa. Ka zana hannunka na hagu a yanayi dabam-dabam, shi ne abin zanen da ba ya gajiya da kai. Ka roƙi ƙanenka ya zauna minti goma. Ka je bakin kasuwa ko tasha da littafinka, ka riƙa kama mutane cikin minti ɗaya ko biyu, ba fuska ba, tsayuwa da sunkuyo da ɗaukar kaya. Idan za ka zana wani a kusa, ka nemi izininsa, musamman mata da dattawa.

Da lokaci ya matso, ka zaɓi ayyuka goma zuwa goma sha biyar. Mafi yawa su kasance waɗanda ka zana da gani, sai biyu ko uku na launi, ɗaya na zanen rubutu ko fosta, da wani abu da ka yi da hannu idan akwai: rini, ɗinkin hula, aikin fata, tukunya. Kada ka raina waɗannan, sau da yawa su ke bambanta ka da sauran. Ka sa mafi kyau a farko. A bayan kowane aiki ka rubuta sunanka, kwanan wata da abin da ka yi amfani da shi. Kada ka naɗe su, kada ka ninke. Ka haɗa kwali biyu masu kauri da salatif su zama jaka, ka sa farar takarda tsakanin aiki da aiki. Littafin zanenka ma ka tafi da shi yadda yake, da shafukan da suka lalace, domin malamai suna son ganin yadda kake laluben abu kafin ka same shi.

Ka ɗauki hoton kowane aiki ka adana. Da safe, a inuwa, ka shimfiɗa shi a ƙasa, ka tsaya daidai samansa yadda inuwarka ba za ta faɗa kai ba, ba tare da fitilar waya ba. Ka tura wa kanka ta imel.

Gargaɗi ɗaya: kada ka saka aikin wani. Ko an karɓe ka da shi, ajin farko zai tona.

Mataki na 4: Rajistar JAMB

A farkon shekara aka saba buɗe rajista. Sai ka kai shekara 16 ake ba ka gurbi. Daga layinka, ka rubuta NIN, ka bar tazara, ka rubuta lambobinka 11, ka aika zuwa 55019 ko 66019. Za a maido maka da lambar sirri ta bayananka. Da ita za ka sayi fin, wato lambar rajista ta e-PIN, a banki ko wani wurin da hukumar ta amince, sannan ka tafi cibiyar jarrabawar kwamfuta da JAMB ta tantance. Shagon intanet na unguwa ba ya wannan rajistar, duk abin da mai shagon zai faɗa maka.

Ka riƙe layin nan da kyau. Ta kansa saƙonni za su riƙa zuwa har ka shiga makaranta. Kada ka yi amfani da layin aboki ko na mai shago.

'Yan mata, ku dakata da lalle da wuri kafin rajista, haka kuma kafin jarrabawa. Ana ɗaukar zanen yatsu, kuma hukumar da kanta ta sha yin gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karantawa. Idan biki ya taso, a bar tafin yatsu. Masu aikin fenti da siminti ma su kula da yatsunsu a kwanakin.

A cibiyar za ka zaɓi darussa huɗu. Turanci dole ne, sauran ukun ka rubuto su daga gida a takarda, yadda ka gani a kundin. Kada ka bar ma'aikacin cibiya ya zaɓa maka. Mutane ɗari ke jiransa a layi, kuma bai san bambancin Fine Arts da Theatre Arts (wasan kwaikwayo) ba sai ka nuna masa. Ka sa jami'ar da kake so da gaske a zaɓi na farko, domin manyan jami'o'in tarayya da wuya su waiwayi wanda ya sa su a na biyu. Kafin a aika, ka karanta allon kwamfutar da kanka: suna, kwas, jami'a, darussa. Idan sakamakonka na sakandare ya fito, a ɗora shi nan take. Idan kana jiransa, ka rubuta a wani wuri cewa akwai bashin komawa cibiya da zarar ya fito.

Mataki na 5: Karatun jarrabawa

Ga abin da ke ba masu hannu mamaki: a jarrabawar JAMB ba za ka zana ko layi ɗaya ba. Tambayoyi ne 180 a kwamfuta cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. Darasin zane ma tambayoyin zaɓar amsa ɗaya ne, kuma ƙwaƙwalwa yake gwadawa, ba hannu ba.

Ka sauko da manhajar darasin daga shafin hukumar ka bi ta kan-kan. Ka san ginshiƙan zane: layi, siffa, launi, kauri da santsi, daidaito. Ka san cewa ja, rawaya da shuɗi su ne launukan asali, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da shuɗi su ba da shunayya. Ka haɗa su da fentinka ka gani, ya fi hadda zama a kai. Sai tarihi, wanda nan ne maki ke zubewa. Ka san mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, tagullar Igbo-Ukwu, kawunan Ife, ayyukan fadar Benin, da duwatsun Esie. Ka riƙe kowanne da abin da aka yi shi da shi da kuma siffar da ake gane shi da ita. Ka san fitattun masu zane Aina Onabolu da Ben Enwonwu, ka san ƙungiyar Zariya da makarantun Nsukka da Osogbo. Ka san Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja. Akwai kuma ɓangaren Turai, daga Girka da Rum har zuwa ƙarni na 20.

Idan makarantarku ba ta da malami, ka nemi ɗalibin kwalejin ilimi da ke karanta zane ya riƙa zama da kai a ƙarshen mako, ka kuma sayi tambayoyin shekarun baya. Kada ka bar Turanci a baya, kuma kada son zane ya sa ka manta da sauran darussa biyun, kowannensu maki 100 ne kamar shi. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya yi rajistar jarrabawar gwaji, tana cire tsoro.

Mataki na 6: Jarrabawa da sakamako

Ka buga takardar da ke nuna cibiya da rana da lokaci, ka je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar. Ka isa da wuri. Idan sakamako ya fito, ka aika UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 daga layin da ka yi rajista da shi.

A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kowace jami'a tana ɗora nata a sama, sassa ma haka. Kada ka hari ƙasan. Idan makinka bai kai na jami'ar da ka zaɓa ba, ana canjin makaranta ko kwas a cibiyar da aka tantance, kuma gara ka yi da wuri.

Mataki na 7: Tantancewar jami'a

Bayan JAMB, jami'a za ta buɗe nata fom. Ka riƙa duba shafinta na gaskiya, ba rukunin WhatsApp ba, kuma ka biya kuɗi ta hanyar da shafin ya nuna kawai. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne. Ka karanta sanarwar shekarar da kyau: wasu jarrabawa suke yi a kwamfuta, wasu takardu kawai suke dubawa, wasu sassan kuma su ƙara da gwajin zane ko ganawa.

Idan akwai gwajin zane, ka tafi da allonka, fensira a fiƙe, reza da salatif. Ka zaɓi wurin zama da kake ganin abin sosai, ka ba minti biyar na farko ga kallo da awo. Ka kammala siffar gaba ɗaya kafin ka tsaya ƙawata wani lungu, domin aikin da ya zauna daidai ko da inuwarsa ba ta ƙare ba ya fi wanda aka ƙawata rabinsa aka bar rabi fari. Kada ka leƙa na maƙwabcinka, daga inda yake zaune abin da yake gani dabam ne da naka. Idan an tambaye ka game da wani aiki a jakarka, ka faɗi inda ka zauna ka zana shi da abin da ya ba ka wuya. Amsa ta gaskiya ta isa.

Mataki na 8: Karɓar gurbi

Duk gurbin da bai bi ta tsarin CAPS, wato shafin intanet da JAMB ke ba da gurabe ta cikinsa, ba, ba gurbi ba ne. Ka riƙa shiga shafinka kana dubawa, ka tabbata sakamakonka na sakandare ya bayyana a ciki, don jami'a ba ta iya gabatar da sunan wanda nasa bai hau ba. Yara da yawa masu maki mai kyau a nan suke tsayawa, ba su san dalili ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, don haka jerin sunaye na farko da aka fitar ba shi ne na ƙarshe ba. Idan sunanka ya fito, ka duba kwas ɗin da aka ba ka kafin ka danna karɓa, sannan ka buga takardar gurbi ta JAMB da ta jami'a. Kada ka bar shi a rataye, ana ba da wa'adi.

Mataki na 9: Idan bana ba ta yi ba

Ba lallai ka zauna shekara guda a gida ba. Kwalejojin ilimi da yawa suna ba da NCE a zane, kwalejojin kimiyya da fasaha kuma suna ba da difloma a zane, yadi ko ɗab'i. Da sakamako mai kyau, sai ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ka fara daga aji biyu, ka yi shekara uku. A ganina wannan hanyar ba koma-baya ba ce, masu bin ta sukan iso jami'a da hannu a sake, sun riga sun san ɗakin aiki. A irin wannan neman ne ma aka fi buƙatar jakar ayyukanka, don haka ka adana duk abin da ka yi a kwaleji. Idan kuma ka zaɓi sake JAMB, ka kama aiki wurin mai zanen allon talla, maɗaba'a ko marina a watannin jira, kana samun ɗan kuɗin kaya, kana kuma ƙara ayyuka a jaka.

Wanda ya samu gurbi ya tafi rajista da asalin takardunsa duka da kwafi da yawa. Kada ka sayi fenti da burushi masu tsada daga gida. Ka jira malamai su ba da jerin kayan zango, ka tambayi 'yan aji na gaba inda suke saye, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi takarda da yawa a rage muku farashi. Idan kuɗin makaranta zai yi nauyi, ka duba rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, da tallafin karatu na jiharku, ka cike da zarar ka samu lambar ɗalibi.